Tsakanin Ƙugu Da Kafaɗa

Babanmu shumeka ne, amma in ka shigo layinmu ka tambayi shagon shumeka, wani wurin za a tura ka. Sai ka ce Alƙali kake nema, nan take za a nuna maka ƙofar ƙarfen da ke ƙarƙashin bene, kusa da mai gyaran rediyo. Bai taɓa leƙa kotu ba ko da shaida. Alƙalin wasan kurket ne, wasan da in aka tara duk waɗanda suka san shi a garinmu ba za su cika bas biyu ba. Inna takan ce ita dai ba ta taɓa ganin wasan da za a yini a rana ana yi, a tashi kuma a ce ba wanda ya ci wani, sai wannan da mijinta ya kwaso mana.

Shagon ɗan ƙarami ne, in ya miƙe ƙafa sai ta leƙo waje. Benci ɗaya, ƙarfen da yake kifa takalmi a kai, gwangwanayen gam da na ƙusa, basilla, da tarin takalman da masu su suka manta shekara da shekaru ya ƙi zubarwa. Ni tela ce, kuma bango ɗaya ne tsakanin kekena da bencinsa. Saboda haka yawancin abin da zan faɗa da idona na gani, sauran kuma ta bangon nan na ji, domin bai iya riƙe sirri ba.

Ɗinki ne ya kai shi wasan. Muna ƙanana wani malamin makaranta ya kawo masa jan ƙwallo na fata da zarensa ya farke. Baba ya ɗinke shi tsaf, amma ya ce sai ya ga irin azabar da ake ba abin nan har yake farkewa haka. Ya bi malamin zuwa filin da ke bayan tashar jirgin ƙasa, shi ke nan muka rasa shi duk ƙarshen mako. Gwiwarsa ba ta gudu, don haka bai taɓa bugawa ba. Tsayuwa ya iya, da kallo, da rashin tsoron kowa, sai suka ba shi farar riga da malafa suka tsayar da shi a tsakiyar fili.

Ga wanda bai san wasan ba, abin da ya shafi labarin nan kaɗan ne. Mutum ɗaya yana jefo ƙwallo, wani yana tarewa da katako don ya kare wasu turaku uku da ke bayansa. Ƙwallon tauri gare shi kamar dutse, kuma a ƙa'ida yakan dira a ƙasa kafin ya iso wurin mai bugu. Amma wani lokaci yakan kuɓuce wa mai jifa, ya taho a sama bai taɓa ƙasa ba, ya nufi jikin mutum. Dokar da Baba ya yi aiki da ita a lokacin ta raba abin biyu. In jifan mai sauri ne, da ya haura ƙugun mai bugu ya zama haramtacce, jifan haɗari. In kuwa a hankali yake tafe, sai ya haura kafaɗa kafin a ce an yi laifi. Duk ƙwallon da ya bi tsakanin ƙugu da kafaɗa, to, hukuncinsa na ga saurinsa, kuma babu wata na'ura a filin bayan tasha. Alƙali na biyu da ke tsaye a gefe shi ke nuna tsawon da ƙwallon ya kai. Sauri kuwa sai wanda ke tsaye a bayan mai jifa, idonsa kaɗai.

Yawancin alƙalan sun samo wa kansu sauƙi. Sai su dubi wanda ya yi jifan, in an san shi da sauri su ce mai sauri ne, in an san shi da lallaɓawa su kau da kai. Baba yana ƙin wannan kamar me. Yakan ce shi ba mutum yake wa alƙalanci ba, ƙwallo yake wa. Ya sha bayyana wa mai gyaran rediyo, wanda ko a jikinsa, cewa abu uku yake dubawa: ko ƙwallon ya tashi sama ya lanƙwaso ko kuwa miƙe ya tafi, ko mai bugu ya samu damar gyara ƙafa ko razana ya yi, da kuma ƙarar da ya yi inda ya sauka. Na ji wannan karatun ta bango har na haddace shi ba tare da na nema ba.

Mu biyu iyayenmu suka haifa, ni da ƙanena. Tun yana yaro ake ce masa Hawainiya, domin komai nasa sai an jira shi, cin abinci, sa takalmi, amsa kira. Da ya fara kurket sai sunan ya zauna daram, saboda jifansa ma haka yake: ya tako kamar mai tausayin ƙasa, ya murza ƙwallo da yatsu, ya sake shi a hankali, ya dira ya canza hanya, mai bugu ya kai wa iska duka. Baba ba mai yabo ba ne, amma duk yamma in ya rufe shago sai su shiga lungun bayanmu, a kifa bokiti a matsayin turaku, shi ya tsuguna da gwiwarsa mai ciwo yana tarewa.

A lungun nan suka ƙera wani jifa na ɓoye. Takun iri ɗaya, ɗaga hannun iri ɗaya, sai dai yatsan manuni yakan kwanta a kan ɗinkin ƙwallon, ya fita da gudu a miƙe, mai bugu yana jiran na lallaɓawa ya ji an wuce shi. Ba wanda ya san alamar yatsan nan sai su biyu, sai kuma ni, da jifan ya taɓa fasa mini madubin gwajin kaya, aka haɗa baki aka ce iska ce.

Hawainiya ya zama saurayi, ba ya son takalmi, ba ya son karatu, kurket kawai ya sa a gaba. Sai ga labari cewa mai horar da ƙungiyar ƙasa zai zo kallon wasan ƙarshe na gasar garinmu, kuma mai jifa irin nasa yake nema, gurbi ɗaya tal. Kowa a filin ya san wa za a ɗauka. Ranar har Inna ta yarda ta je, ta ce bari ta ga abin da ya cinye mata maza biyu. Baba ya sa kayansa na gida, domin tun da yaron ya shiga manyan wasa ya daina tsayawa alƙali a duk wasan da yake ciki.

Muna zaune a bencin katako a ƙarƙashin rumfa aka zo aka ce alƙali ɗaya bai zo ba, matarsa na naƙuda. Saura Kawu Dogo, abokin Baba, direban motar asibiti, shi kuma ba ya iya tsayawa shi kaɗai. Aka roƙi Baba ya ce a'a. Aka sake roƙo ya ce a nemi wani, alhali ya san babu wani. Hawainiya da kansa ya taso ya durƙusa a gabansa, ya ce in bai tsaya ba za a ɗage wasan, baƙon kuma a ranar zai koma. Ina jin sa da kunnena ya ce, "Baba, wa zan so ya tsaya mini da ya wuce ka?" Baba ya miƙa hannu aka ba shi farar rigar.

A ɗaya ƙungiyar akwai wani ƙato da ake ce wa Tirela, wanda ya yini yana watsa ƙwallon kowa har kan layin dogo. Rana ta take, gumi na zuba, aka ba Hawainiya ƙwallo. Ya cire hularsa ya miƙa wa Baba ya riƙe masa, kamar yadda masu jifa suke yi. Bai daɗe da farawa ba ƙwallo ya zame masa daga jiƙaƙƙen hannu, ya tafi a miƙe ya nufi ƙirjin Tirela, sai da mutumin ya zube ƙasa ya tsira. Wannan ba gardama a kansa, ko Inna ta ga haɗari ne. Baba ya miƙa hannunsa gefe, alamar jifan bai halatta ba, ya yi wa yaron gargaɗi. A ƙa'idar gasar gargaɗi ɗaya ake yi, na biyu sai a karɓe ƙwallo daga hannun mutum, ba zai ƙara jifa ba a ranar.

Daga nan Hawainiya ya natsu, ya yi jifan da ban taɓa ganin ya yi irinsa ba. Ya fitar da mutum biyu, baƙon da ke zaune kusa da mu ya daina latsa wayarsa ya gyara zama. Tirela kaɗai ya rage masa. Ya tako, ya saki ƙwallo, sai ga shi kuma bai taɓa ƙasa ba, ya iso wa Tirela daidai haƙarƙari. Mutumin ya kai duka a karkace, ƙwallon ya tashi sama, wani ya cafe. A kurket in aka cafe kafin ya faɗi, mai bugu ya fita. Fili ya kaure, yara suka ruga suna rungumar Hawainiya, ni kaina ban san na miƙe tsaye ba.

Kawu Dogo daga gefe ya dafa ƙasan ƙirjinsa, wato sama da ƙugu, ƙasa da kafaɗa. Magana ta koma kan sauri ke nan. In a hankali ne, Tirela ya fita, Hawainiya ya gama nuna kansa. In mai sauri ne, cafewar ta tashi a banza, yaron kuma ya bar jifa. Sai a lokacin mutane suka lura hannun Baba a miƙe yake tun ɗazu.

Baba ya kira shugaban ƙungiyar su Hawainiya ya gaya masa ya sa wani ya ƙarasa. Hawainiya ya tako a hankali, yadda ya saba, ya tsaya a gabansa.

"Baba, ni ne fa."

"Na sani."

Ya miƙa masa hularsa. Yaron ya karɓa bai ɗago kai ba, ya tafi can bakin fili ya tsaya har aka tashi. Tirela ya ci gaba da ɓarna, suka cinye wasan. Baƙon ya yi musabaha da kowa, ya ce yaron yana da hannu, amma ba zai ɗauki wanda aka hana jifa saboda haɗari ba, ya ɗauki wani daga wani garin.

Abin da ya biyo baya a gida ba ihu ba ne, da ihu ne ma da ya fi sauƙi. Duk wanda ya shigo jaje maganarsa ɗaya: Hawainiya ne fa, yaushe ya taɓa jifa da sauri, wane alƙali ne zai kira wannan haɗari. Inna ta ce ita ba ta san ƙugu ko kafaɗa ba, ta dai san ɗanta. Ni ma ban raga masa ba, na shiga shagonsa na ce don kada a ce ya yi son kai ne ya yanka ɗansa a gaban jama'a, kuma wannan ma son kai ne, na mai tsoron bakin mutane. Bai daina ɗinkin da yake yi ba. Ya ce abin da ya gani ya hukunta, in kuma na gama in ja masa ƙofa, iska na busar masa da gam.

Hawainiya bai ce uffan ba. Ya kwashe kayan wasansa ya ba wani, ya zauna a ɗaki har ya gaji, sannan ya bi wani direban babbar mota zuwa garin da ke bakin teku, tafiyar kwana biyu daga namu. Can ya koyi tuƙi, can ya yi aure. Yana kiran Inna a waya su daɗe suna hira, in ta miƙa wa Baba sai gaisuwa: ina kwana, ya aiki, lafiya lau, a gaida mutanen gida. Ba zagi, ba rashin kunya, gaisuwa cikakkiya irin wadda ake wa maƙwabcin da ba a saba da shi ba. Ina kallon Baba yana riƙe da wayar bayan an kashe, kafin ya tuna ya mayar wa Inna.

Abin da ya fi ci masa rai yabo ne. Da shekaru suka tura, waɗanda suka zage shi suka koma suna nuna shi da yatsa, ga alƙalin da ya kori ɗan cikinsa, gaskiya dokin ƙarfe. Sababbin alƙalai har shago suke zuwa a ba su labarin. Da an ɗauko zancen sai ya ce yana da aiki, ya kama takalmin da ba wanda ke jira ya hau gogewa. Ni a lokacin na ɗauka girman kai ne. Ya ci gaba da tsayawa a fili duk ƙarshen mako, amma lungun bayanmu ya daina bi, ko da ya fi kusa da gida.

Inna ta rasu a tsakanin nan. Hawainiya ya zo, ya yi ƙiba, har furfura ta fara masa a gemu. Suka zauna a tabarma ɗaya shi da Baba suna karɓar gaisuwa, kafaɗa na gogar kafaɗa, kuma duk kwanakin ban ji sun yi maganar da ta wuce wane ya zo, wane bai zo ba. Na ja Hawainiya gefe na ce wai shi ba ya gajiya ne, tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Ya ce shi ba ya gaba da kowa, ai yana gaishe shi. Na so in kwaɗa masa mari, sai dai gidan cike yake da mutane.

Wata rana Kawu Dogo ya zo shago da labari cewa an gyara dokar, yanzu duk ƙwallon da ya haura ƙugu bai taɓa ƙasa ba haramtacce ne, ko da sauri ko a hankali. Yana ta murna wai an sauke musu kaya. Ta bango na ji Baba ya ce sun kyauta, amma sun makara. Bai ƙara shekara ba bayan nan ya ajiye alƙalanci, ya ce idonsa ya fara yaudararsa, ko zare a allura sai na zo na sa masa.

Ciwon zuciya ne ya kwantar da shi. Ƙafafunsa suka kumbura har takalmin da ya ɗinka wa kansa ya daina shigarsa, muka kai shi asibiti, ɗaki mai gado shida da fanka ɗaya da ke juyawa in ta ga dama. Ni nake jinyarsa, na rufe shagona. Wata rana da la'asar ina goge masa ƙafa, sauran majinyata duk sun fita shan iska, sai ya ce in zauna zai gaya mini wani abu, amma in riƙe bakina har ya gama, ko da yake ya san wannan ba ƙaramin aiki ba ne a wurina.

Ya ce ranar nan, tun yaron yana takowa ya wuce ta gefensa, ya hangi yatsansa kwance a kan ɗinki. Ya san jifan ɓoye ne zai yi, zuciyarsa ta riga ta ce mai sauri tun ƙwallo yana hannu. Da ya ga ya tashi sama sai hannunsa ya miƙe da kansa. Bai san ko ƙwallon ya lanƙwaso ba, bai kalli ƙafar Tirela ba, bai saurari komai ba. Ƙwallon da ya zame daga hannu kuwa yana iya rasa rabin gudunsa, kowane alƙali ya san wannan.

"Yatsan ɗana na gani," in ji shi. "Ban ga ƙwallon ba. Da wani ne ya yi jifan, da na kalli ƙwallo."

Na ce to duk shekarun nan me ya hana shi tambayar mai hannun. Ya ce alƙali ba ya tambayar mai jifa abin da ya jefa. Sannan ya juyar da kai wajen bango, ya ce kuma yana tsoron amsar. Tun da nake ban taɓa jin kalmar tsoro a bakinsa ba. Tausayinsa ya kama ni har na rasa inda zan sa kaina, na tuna duk lokutan da na gan shi yana goge takalmin da ba na kowa ba, ashe mutumin yana tsaye ne a filin nan bai taɓa barinsa ba.

Na fita baranda na kira Hawainiya. Ban gaishe shi ba, na zazzage masa duk abin da Baba ya ce, na ƙara da nawa. Ina jin ƙarar motoci a bayansa. Sai ya ce in sake faɗa, Baba ne ya ce bai tabbata ba? Na ce shi fa. Ya ce ga shi nan zuwa, yana da maganar da ba ta waya ba ce.

Bayan kwana biyu ya iso da hantsi, da ƙurar hanya a jikinsa, ko wanka bai tsaya yi ba. Baba yana jingine da filo biyu, numfashinsa na fita da ƙyar. Hawainiya ya durƙusa a bakin gadon ya gaishe shi, ya kama hannunsa, abin da rabon da in ga ya yi tun yana saurayi.

"Baba, jifan nan mai sauri ne. Na ɓoye na yi, da dukkan ƙarfina, kuma haka ya fita. Ni na ji shi a hannuna. Ba ka zalunce ni ba."

Baba ya dube shi. Sannan ya yi murmushi, ya ɗora ɗaya hannun a kansa ya ce Allah ya yi masa albarka. Hawainiya ya ce ba wai don ya faranta masa ba ne, ya rantse. Baba ya ce ya ji, ya ji, Allah ya ba shi masu yi masa haka. Ya tambaye shi hanya, da matarsa, da yara, ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, waɗanda ban ma san ya riƙe ba. Suka yi hirar da ba su yi ba cikin shekarun nan duka, har da dariya, har ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce a bar mara lafiya ya huta. Hawainiya ya tashi ya fita wanke fuska.

Yana fita Baba ya yafito ni. Idonsa ya ciko, amma fuskarsa a sake take, ya ce, "Kin ga ɗan'uwanki? Ya yafe mini. Har rantsuwa ya yi a kan ƙarya don in tafi da sauƙi. Ki roƙa masa gafara, saboda ni ya yi."

Na ce Baba, in kuma gaskiya ya faɗa fa? Ya ce wane ɗa ne zai zo bakin gadon nan ya ce wa ubansa a hankali ne. Na ce ni na san ƙanena, bai iya ƙarya ba, ko ta madubi ma Baba ne ya shirya masa. Ya yi 'yar dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce ashe ni ma an haɗa baki da ni. Ya lumshe ido, ba a jima ba barci ya ɗauke shi, irin wanda tun da muka zo asibitin bai samu ba.

Na tarar da Hawainiya a baranda kusa da famfo, ruwa na ɗiga daga gemunsa. Na ce ya dube ni ya gaya mini tsakaninsa da Allah. Ya ce wallahi mai sauri ne, tun ƙwallon bai bar yatsunsa ba ya san ya kashe kansa. Amma da ya fito daga fili kowa na cewa an zalunce shi, sai ya ji ya fi sauƙin ɗauka a kan a ce shi ya zubar da damarsa da hannunsa, ya yi shiru. Da zafin ya wuce kuma kunya ta hana shi, ga shi yana ganin Baba bai taɓa shakkar hukuncinsa ba ko sau ɗaya, to me zai gaya wa wanda ya riga ya sani. Fushin da na tara masa na shekaru na neme shi a lokacin na rasa, baƙin ciki kawai na samu a wurin.

Sai ya tambaye ni ko Baba ya yarda. Ni ba a san ni da rufa-rufa ba, kuma na ga inda shiru ya kai gidanmu. Na ce bai yarda ba, ya ɗauka tausayinsa ya ji, yana can yana murna wai an yafe masa.

Hawainiya ya sulale ya zauna a kan simintin da ya jiƙe, ƙaton mutum da furfura, mutane na ratsa shi da kwanuka da fulas.

"Yaya, me zan yafe masa?"

Ya sake gwadawa washegari, da wanshekaren washegari, kowane lokaci Baba ya shafa kansa ya sa masa albarka. Mako bai zagayo ba Baba ya cika, hannunsa cikin na ɗansa, yana godiya a kan yafiyar laifin da bai yi ba.